Hular Dauda

Ina aji uku a firamare a Samaru aka yi wa ƙanena Dauda aiki a ka. Watansa bakwai, amma kansa ya kusa kai nawa girma, saboda ruwa da ya taru a ciki. Duk wata sai Mama ta warware hularsa ta ulu ta sake saƙa wadda ta fi girma.

Da la'asar ɗin ranar muna kan bencin asibiti, ni da ita. Likita ya riga ya gaya mata ba za a tsaga kan ba. Huda kaɗan za su yi, su zura siririn bututu mai fitila da kyamara, su buɗe wa ruwan hanya. Ta ce to, amma zama ya gagare ta. Ta tashi ta leƙa ƙofa, ta dawo ta ɗauki shuɗin ulun da ta sayo a kasuwar Sabon Gari, ta saƙa layi biyu, ta warware.

Na ce, "Mama, babba za ki yi ko ƙarama?"

Ta daɗe tana kallona. "Ban sani ba. Riƙe min zaren kawai."

Na riƙe har ya jiƙe da gumin hannuna. Can sai ga nas ta fito, ta ce, "Maman Dauda, ya farka, kuka ma yake yi." Mama ta zube a kan siminti tana kiran sunan Yesu.

Yanzu Dauda yana koyon ɗinki a Basawa. Ni kuwa har yau, in na ji jariri ya tsala kuka, sai hankalina ya kwanta.