Kwalbar Guba

Rakiya ta ɗora farantin ƙarshe a ƙarƙashin madubin gwaji, ta leƙa. Nan ma ƙwayoyin halittar sun baje abinsu cikin ƙoshin lafiya, kamar sauran. Alhali dole ne a ce faranti ɗaya ya zama maƙabarta.

Aikin ɗakin gwajinsu na Jabi ba shi da wuyar ganewa. Simintin da likita ke liƙa wa haƙori na wucin gadi ake jiƙawa a ruwan da ƙwayoyin dasashi ke rayuwa a ciki, sannan a zuba musu a ga ko za su mutu. Wanda ya kashe su ba zai shiga bakin mutane ba. Kuma kullum ana cusa kwalbar guba tsantsa a cikin kwalaben, don in ita ba ta yi kisa ba, gwajin ya zama shirme. Haruffa kawai ake manna wa kwalaben, ba sunan kamfani. Mutum ɗaya ce ta san wace ce wace: Perpetual, abokiyar aikin Rakiya, wadda suke cin abincin rana a kwano ɗaya.

Guba kuwa ba ta tuba. Ba makawa wani ne ya zubar da abin da ke cikin kwalaben ya ɗura musu ruwan da ba komai a cikinsa, don simintin wani mugun kamfani ya tsallake.

Ran Rakiya ya ɓaci matuƙa. Ita ce fa ko ranar Asabar ba ta huta ba. Sai da Yaya Yamusa, wan da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya rufe shagonsa na kayan asibiti a Wuse ya kawo ta, ya zauna a ɗakin gwajin yana danna waya har ta je ta yi la'asar ta dawo. Duk wannan wahala, a ce ƙawarta ce za ta yi mata haka?

Ba ta tsaya tambaya ba, don Rakiya in ta hau, sai ta kai ƙarshe take waiwaye. Ta wuce ofishin shugabansu, Oga Nicholas, ta zayyana masa komai. Kafin azahar an ce Perpetual ta ajiye makulli ta je gida, sai an neme ta.

Perpetual ba ta yi kuka ba. Ta rataya jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Rakiya, ni fa na san kowane kwalba," in ji ta. "In zan cuce ki, ɗaya zan taɓa, na bar guba ya yi aikinsa, ba za ki taɓa sani ba. Wanda ya yi wannan bai san nasa ba, shi ya sa ya zubar da duka."

Ta fita. Rakiya ta juya maganar a ranta. Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ta raba baiwar Allah da aikinta a banza. Kunya ta rufe ta. Ta nufi ofishin Oga Nicholas da sauri don ta janye ƙararta tun Perpetual ba ta kai bakin titi ba.

Ta tarar ƙofa a rufe, aka ce mata yana da baƙo, mai ɗaya daga cikin kamfanonin, ya zo bin sawun kayansa. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ke nan ta ji baƙon yana dariya.

"Haba oga, a sa mana hannu kawai. Ai duk farantan sun rayu, ko ba haka ba?"

Ba a gaya wa kowane kamfani sakamakon ba tukuna, kuma muryar ta Yaya Yamusa ce.