Shatin Hoto a Bango

"Sau uku kana shafa fenti, har yanzu ga shatin hoton nan!" Hajiya ta daka wa mai fenti tsawa. "Makaho ne kai?"

"Wallahi babu layi a bangon nan, Hajiya. Shafa ki ji."

Ta shafa, sumul. Amma tana ganin shatin ƙiri-ƙiri.

"Baƙaƙen ƙarafan nan huɗu da suka riƙe kusurwoyin hoton ne. Idonki ke haɗa layin da kansa." A fusace ya ɓamɓare su. Nan take shatin ya ɓace.

Hajiya ta ƙura wa bangon ido.

"Wa ya aike ka? Mayar min da su! Dangin marigayi mijina har hotonsa sun ɗauke, shatin nan kaɗai suka bar min!"