Tsohon da Ke Korar Masu Saye

Litinin ce. Hadari ya haɗo tun safe, ya ƙi zuba. Kafinta na goge ƙafar kujera. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ɗora kwamfuta a kan teburin yankan katako tana duba shafin intanet ɗin da ta buɗe wa shagon.

Sanarwa uku ta tura wa shafukan labarai cikin wata guda, kowace da adireshin shafin a ƙasa. Ta farko ta ce shagon jagora ne a fagen kayan ɗaki. Ta biyu ta ce ya buɗe sabon babi. Ta uku ta ce yana alfaharin sanar da jama'a, amma har takardar ta ƙare ba a ga abin da ake sanarwa ba. Sau goma sha huɗu aka leƙa shafin. Tara daga ciki Auta ce.

Yayanta ya riga ya yanke magana. In wata ya ƙare babu aiki, za a kwashe katako a zuba kayan waya, Baba ya koma gida ya huta. Har ya kawo mai fenti ya auna bango.

"Baba, faɗi wani abu in sa a ta huɗu," in ji Auta.

"Kujera ce. A zauna."

"Haba Baba, wannan ba zai jawo kowa ba."

"Me ke jawo su?"

Ta juyo masa kwamfutar ya ga labaran da aka fi karantawa. Faɗa, tonon asiri, wane ya mari wane. Ya daɗe yana kallo ta saman tabarau. Sai ya sa hula, ya ce zai je aski.

Ranar Laraba wata sanarwa ta ɓulla, daga Ƙungiyar Masu Saye da Aka Wulaƙanta. Tana gargaɗin jama'a kan wani tsohon kafinta mai baƙin hali. Wai ya kori wani attajiri don ya nemi a manna wa kujera adon roba. Wai ya ce wa wata amarya gadon da take so na kwali ne, ta tsallaka titi ta saya. Ba ya ragi, ba ya murmushi. Don kowa ya gane shagon ya kauce masa, aka sa adireshin shafin har sau biyu.

Auta ta yi kuka. Maganar amaryar nan ko ita ba ta taɓa ji ba. Ta tsallaka titi ta tsaya a kan Mai Soso, abokin hamayyarsu.

"Kawu, tsakaninka da Allah, kai ne?"

Ya nuna mata mutanen da suka fara taruwa a ƙofar shagonsu. "'Yar nan, da na iya wannan rubutun, ai kaina zan zaga."

Kafin yamma mutum dubu huɗu sun leƙa shafin. Ranar Alhamis aka yi layi. Kowa da waya a sama, kowa na jiran a kore shi. Wata mata ta nemi ragi da gangan. Kafinta bai ɗago kai ba, ya ce, "Ƙofa na bayanki." Ta yi tsalle don murna, ta ba da aikin kujeru shida.

Wasu sun zo kallo ne kawai. Amma layi ya yi tsawo, ƙafa ta gaji, suka zauna a kan kujerun. Da yawa ba su tashi hannu rabbana ba.

Yaya ya sallami mai fenti. Ya rantse sai ya maka ƙungiyar a kotu, ya yi kwana biyu yana neman ofishinta bai samu ba. Auta ta rubuta doguwar sanarwar ƙaryatawa.

"Bar ta," in ji Kafinta.

"Mutuncinka fa, Baba?"

"Yana inda na ajiye shi."

A gida matarsa ta dubi ƙeyarsa ta ce wanzaman zamani sun daina tsoron Allah, su karɓi abin mutum su bar shi da sumarsa.

Bayan kwana goma layi ya fara gajarta. Wani mai gidan abinci ya watsa wa baƙo ruwa, hankalin jama'a ya koma can. Masu leƙa shafin suka sauko zuwa ɗari biyu, sannan sittin. Yaya ya sake tambayar lambar mai fenti.

"Sun fara mantawa da mu," in ji Auta.

Kafinta ya hure garin katako daga kan teburi.

Washegari da safe ya sa hula, ya ce zai je aski. Ya wuce shagon wanzami ko waiwaye bai yi ba, ya shiga lungu, ya tura ƙofar wata mai buga takardu da kwamfuta. Ya jawo kujerar baƙi, ya girgiza ta ya ji ƙafa na rawa, ya yi tsaki, ya zauna.

Matar ta gyara zama, ta ɗora yatsu a kan madannai. "Sannu da zuwa, shugaban ƙungiya. Yau kuma me tsohon ya yi?"