Jan Tabo a Rigar Baba

Da la'asar Baba ya shigo gidanmu a Tanut, gaban rigarsa ja wur. Inna ta saki taɓarya ta ɗora hannu a ka.

"Malam, wa ya sare ka?"

"Ba jini ba ne. Giyar kumandan, Baturen mulki, aka ɗora wa raƙumina dole daga Damagaram, gangar ta yi yoyo. Wai ta inabin Sifaniya ce, ta yi shekaru cikin katako."

Na matsa na shinshina. Kamar jiƙon tsamiya a tsohon akushi. Yau na tsufa, hancina bai manta ba.

Inna ta share hawaye ta ce, "Tuɓe ta a zaure."

Rigarsa ke nan guda. Ta ƙone ta a bayan gida. Da magariba ya tafi masallaci da zanenta a kafaɗa.