Kwanonin da Suka Maƙale a Gidan Goggo Jumma

Kwana uku ke nan babu abin da ya shiga cikin Goggo Jumma sai ruwa, amma duk wanda ya gaishe ta a layinsu na Kumbiya-Kumbiya sai ta washe baki ta ce, "Lafiya lau, sai godiya." Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ita kaɗai a gida tun rasuwar mijinta. Da sana'ar fura take rufa wa kanta asiri, to gero ya yi tashin da ya cinye jarin, ta kife ƙwarya ta zauna.

Kada ku ɗauki alhakin maƙwabtanta, ba mugaye ba ne. Da suka ga ta daina fura, Iklima matar Rufa'i tela ta fara aika mata tuwo. Theresa mai suyar ƙosai a bakin layi takan kai mata nata da zafinsa, Fanta ma in ta yi dambu sai ta zuba mata.

Sai dai kun san al'adarmu. In maƙwabciya ta aiko da abinci, ba a mayar mata da kwano wayam, ko gyaɗa ce ko 'yar daddawa sai an saka a ciki. Goggo kuwa a ruga ta tashi, kunyarta ta yi yawa. Da farko kuka take zubawa, da kuka ta ƙare ta koma barkono. Da shi ma ya ƙare sai ta riƙa wanke kwano tana ajiyewa, wai sai ranar da ta samu abin sakawa. Kwanoni suka yi ta shiga gidan ba sa fitowa.

"Ni fa kwanona uku suna gidan Goggo," in ji Iklima wata rana a wajen famfo. "Har da mai murfin nan na aurena."

"Uku ma? Ni huɗu!" in ji Fanta. "Anya ba kasuwa take kai su ba?"

Suka tuntsire da dariya. Babu wadda ta taka ta je ta tambaya, wai bin tsohuwa kwano rashin ta-ido ne. Sai kowacce ta yi abin da ya fi mata sauƙi, ta daina aikawa, tana ganin ai sauran suna kai mata.

A rana ta huɗu da hantsi Theresa ta lura ba a share ƙofar gidan Goggo ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta yi sallama, shiru. Tana shiga ta tarar da ita kwance a gindin randa. Jiri ne ya kwashe ta, ta faɗi a kan hannunta na dama, ya karye. Theresa ta ƙwala ihu, mata suka fito a guje.

Iklima ce ta shiga ɗaki ɗauko mata mayafi kafin a sa ta a keke. Can ƙarƙashin gado ta ga kwanoninsu jere, a wanke tas, an lulluɓe su da zanen da Goggo ke zuwa biki da shi. Nan ta durƙusa ta fashe da kuka.

A asibiti likita bai ɓoye musu ba. Ya ce babu wata cuta, yunwa ce ta kayar da ita. Wallahi da ƙasa za ta tsage da sun shige don kunya.

"Goggo, don Allah me ya sa ba ki faɗa mana ba?" in ji Iklima.

"'Yar nan, in mayar muku da kwano ba komai a ciki? Da wane ido zan dube ku?"

Theresa ta share hawaye ta ce, "To, Goggo, daga yau an daina aiken kwano a layin nan. Mu da kanmu za mu riƙa zuwa, mu dafa a gidanki, mu ci tare. Sai mu ga abin da za ki mayar!"

Haka kuwa aka yi. Tsakar gidan Goggo da faɗi, ga inuwar darbejiya, ga tsohon murhu. Iklima ta zo da rabin mudun garin masara, Fanta da busasshiyar kuɓewa, Theresa da ragowar man suya. Wuta ɗaya ta maye gurbin huɗu, gawayin da ke musu kwana biyu ya koma yana kaiwa mako. Ashe su ma kowacce a matse take, tana ɓoyewa.

Goggo kuwa ta samu sarauta. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, hannu a ɗaure, baki a sake.

"Iklima, wannan tuwo ne ko kunu? Kai, Rufa'i yana haƙuri!"

"Haba Goggo, jiya fa kwano biyu kika tashi da shi!"

"Don kada ki ji kunya ne na daure!"

Sai dariya ta kaure har mazan da ke ci a zaure su leƙo. Timoti mijin Theresa ya ce shi dai tun da aka fara girkin haɗaka wandonsa ya matse shi, Rufa'i ya ce ya kawo ya buɗa masa kyauta. Kafin wata biyu, matan layin baya su ma sun haɗa tasu tukunyar.

Hannun Goggo dai bai koma daidai ba, ta yi bankwana da taɓarya har abada. Ranar da aka kwance mata ɗauri, ta daɗe tana duban yatsunta da suka ƙi miƙewa, mata suka zuba mata ido. Sai ta ɗago kai ta ce, "To me kuke kallo? Na hagu yana nan, ku miƙo min ludayi in ɗanɗana miyar nan kafin Fanta ta kashe mu da gishiri."

Jama'a, aika abinci alheri ne, amma bai isa ba. In maƙwabcinku ya yi wani abu da ba ku gane ba, ku taka ku shiga ku tambaya kafin ku janye hannu, domin mai kunya ba zai taɓa cewa yana jin yunwa ba.