Baki Ba Ya Shiga Ƙidaya

Shekara uku ke nan da aka kafa dokar Allon Waƙa: duk waƙar da ba ta shiga jerin ɗarin farko ba, ranar Juma'a ake goge ta daga wayoyin mutane. Da Tabawa zabiya ta ji tata ta faɗo zuwa lamba ta ɗari takwas, sai ta nufi ofishin Allon a Funtuwa.

Sabi'u, ma'aikacin wurin, ko kujera bai nuna mata ba.

"Hajiya, waƙarki ba ta yi tashe ba. Ga allo nan."

"Ɗan nan, babu gidan sunan da ba a rera ta a garin nan."

"Baki ba ya shiga ƙidaya. Abin da waya ta kunna muke ƙirgawa."

Tabawa ta kalle shi sama da ƙasa.

"To, rera mini wadda ta zo ta ɗaya. Baiti guda."

Sabi'u ya buɗe baki, ya leƙa allon, ya gyara hula. Sunan waƙar kawai ya iya karantowa.

Ta ja tsaki, ta ɗauki jakarta.

"Goge tawa. In ka tashi aure, sai allon ya zo ya yi maka guɗa."