Kaset Biyu daga Amurka

Gwaggo Yee ce ta fara miƙa nata kaset, tana riƙe da shi da hannu biyu kamar jariri.

Falon mai gari ya cika, don a duk ƙauyen nan na Toisan shi kaɗai ke da injin bidiyo. Mata na ɓare lemo, tsofaffi na kurɓar shayi. A kujerar gaba aka zaunar da Suk-yin, 'yar mai kantin magani, wadda ta daɗe da rantsuwar ba za ta auri wanda bai taka Amurka ba. Samari biyu ke nemanta daga can, ta ce kowa ya aiko da kaset ta gan shi a inda yake, sannan ta zaɓa.

Aka danna. Sai ga Man-fai, ɗan Gwaggo Yee, tas da shi a talabijin, cikin riga mai gajeren hannu, yana murmushi har kunne. A bayansa ga gunkin matar nan mai ɗaga wutar tocila sama, alamar Amurka da kowa ya sani. Can gefe wani na tallar rake da harshen gida.

"Kun ji ko? Mutanenmu sun cika Amurka," in ji Gwaggo Yee. "Ku dubi kumatun yaron nan! Nama yake ci, ba kabeji ba."

Falo ya ɗauki tafi. Suk-yin ta sunkuyar da kai, amma ido na kan gunkin.

Sai Gwaggo Tam ta miƙa nata. Baiwar Allah, tun safe take goge shi da gefen riga. Ɗanta Kwok-leung ya shekara bakwai da tafiya, ba ta sake ganin fuskarsa ba.

Aka danna. Hoto ya hau birgima, babu launi, sai layuka ke gudu. Murya ta fito kamar ta agwagwar da aka shaƙe. Wani kai ya leƙo, ya tsinke gida biyu, ya ɓace. Mai gari ya mari injin, ya hura kaset, ya sake mari. A banza.

"Ya faɗa mini a waya," in ji Gwaggo Tam. "Wai kaset ɗin Amurka ba ya tafiya a injinmu, tsarinsu daban ne."

"Ayya, yaya!" Gwaggo Yee ta dafa ƙirji. "Sai dai in Amurkar biyu ce. Ki faɗa masa ya daina tsinto kaset a bola, ko kuwa fuskar ce yunwa ta cinye yake ɓoyewa?"

Aka yi dariya har da masu ƙwarewa da shayi. Mutanen ƙauyenmu ba sa ƙyale wanda ya faɗi, sai sun taka shi sun ji ko ya yi laushi. Gwaggo Tam ta karɓi kayanta ta fita, ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa.

Suk-yin ta zaɓi Man-fai. Ya zo aka sha biki, ya raba sigari mai rubutun Turanci, ya koma da sauri wai aiki ba ya jira. Da bazara ya aiko ta same shi a Shenzhen, wani babban birni na nan ƙasarmu, daga nan sai jirgi.

Ta cika akwati da rigunan sanyi. Ta bi gida gida tana sallama, tana yi wa ƙawayenta jajen zama a ƙauye. Gwaggo Tam kaɗai ta tsallake.

A Shenzhen ba ta ga kowa a tasha ba, sai ta bi kwatancen da ya ba ta, tana jan akwati cikin zafi har ƙofar wani filin shaƙatawa da aka cika da kwaikwayon shahararrun gine-ginen duniya. Ta shiga, ta wuce ƙaramar dala, ta wuce wata 'yar hasumiya. Can ta hango matar mai tocila, tsayinta bai wuce bishiyar gwanda ba, ga Man-fai a gindinta cikin rigar ma'aikata, yana sharar ɓawon rake.